R22 ko R404A: wanne za ka sa a ɗakin sanyi na kifi da kaji?

Alhaji na ga tambayarka, ka ce za ka buɗe ɗakin sanyi na daskararren kifi da kaji a Kano, ka samu inji na hannu mai aiki da gas ɗin sanyaya na R22 da araha, wani makanike kuma ya ce maka sai dai mai R404A, to wanne ya fi. Bari in jera maka su kusa da juna ka gani da kanka.

Abu na farko shi ne sanyin da kake nema. Kifi da kaza sai sun zauna a digiri 18 ƙasa da sifili ko ƙasa da haka, ba irin sanyin lemo da yogot ba ne. A takarda duka biyun za su iya, R22 yana tafasa a wajen 41 ƙasa da sifili, R404A kuma wajen 46, wato iya sanyin da kowannensu zai iya kaiwa ya wuce wanda kake nema. Amma a aikace ba ɗaya suke ba. Matsalar R22 idan ka matsa masa ya sauka can ƙasa, gas ɗin da ke fitowa daga kwamfuresa zafinsa yawa yake yi, ka haɗa da ranar Maris da Afrilu da take wuce digiri 40 a garin nan, sai man cikin kwamfuresa ya fara ƙonewa yana baƙi, bawul ya ci wuya, wata rana ka wayi gari inji ya tsaya ga kaya cike da ɗaki. R404A ba ya wannan zafin, don aikin daskarewa aka haɗa shi tun asali, shi ya sa motocin dakon kifi da firizojin manyan kantuna suka daɗe a kansa. Inda R22 yake burge ni shi ne matsakaicin sanyi da na'urar AC, a nan ya ɗan fi sauƙin cin wuta, kuma wanda ke kan janareta ya san ma'anar haka.

Sai mai. R22 da man kwamfuresa na gargajiya yake tafiya, R404A kuma sai wanda ake ce wa POE, shi kuma shan danshi gare shi, ka bar galan a buɗe ya lalace. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai zuƙe wannan gas ɗin ya ɗura wancan a inji ɗaya shi ke nan, ba tare da canja mai da bawul da filta ba, kar ka ba shi aikin. R22 gas ɗaya ne tsantsa, R404A haɗin uku ne, R125 da R143a da ɗan R134a, don haka a ruwansa ake ɗura shi ba a tururi ba, in ba haka ba haɗin ya karkace.

Maganar doka kuwa duka biyun kwanansu ƙidayayye ne, sai dai na R22 ya fi kusa. R22 yana cin ozon, wato iskar da ke can sama tana tace hasken rana mai cutarwa, kuma ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 ƙasashe irin Najeriya za su daina shi a 2030, sai ɗan abin gyaran tsofaffin injina da za a bari. R404A ba ya taɓa ozon amma wajen ɗumamar yanayi ya fi muni, kilo ɗaya daidai yake da kilo 3,922 na hayaƙin kabon, na R22 kuma 1,810. Turai tun 2020 suka hana sa shi a sababbin injina, mu kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar Montreal a Kigali a 2016 ya ba mu lokaci, ragewa za a yi ta yi har 2045.

Ni dai in kuɗina ne R404A zan ɗauka don wannan aikin, in kuma sabo fil za ka saya ka tambayi mai karɓar R448A ko R449A, aikinsu kusan ɗaya da R404A amma illarsu ga yanayi ba ta kai rabin tasa ba, in dai ka tabbatar ana samun gas ɗin a kusa. R134a na firijin lemo ne, kar ma a kawo maka shi nan. R290 yana da kyau a ƙananan firiza amma yana kamawa da wuta, ba na babban ɗaki ba ne.

Kuma ka kula da jabu, ya yi yawa a kasuwa. Silindar R22 koriya ce kilo 13.6, ta R404A ruwan lemo kilo 10.9, amma fenti ba shaida ba ne, a auna nauyi a gabanka, makanike ya sa geji ya duba firesha kafin a ɗura, sannan ka karanta abin da ke rubuce a jikin kwamfuresar da kanka kafin ka biya kuɗin injin.