Allurar asibiti ko ruwan tumfafiya? Duka biyun sun shiga gidanmu

Hajiya, ki kai shi a fara allurar. Kin tambayi wanne za ki bi tsakanin kemon da likita ya rubuta wa ɗanki, wato allurar maganin sankara, da ruwan tumfafiyar da aka turo miki bidiyonsa. Duka biyun mun kashe musu kuɗi, kuma ɗaya ne kawai ban yi da-na-sani a kansa ba.

Ɗan ƙanena yana da shekara 7 kumatunsa na hagu ya fara tashi. Muka ce hangum ne. Kafin sati biyu haƙora sun fara girgiɗi, baki ba ya rufuwa, yawu na zuba a riga. A asibitin koyarwa na UDUTH da ke Sakkwato suka yanki ɗan nama suka gwada, suka ce sankarar Burkitt ce, wadda likita Denis Burkitt ya fara bayaninta a kan yaran Uganda a 1958. Tana cikin masu saurin girma, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta ta ninka.

Cikin magungunan da aka haɗa masa har da vincristine, wadda kika ce tana kan takardarku. Ita ma fa dafin tsiro ce. Daga wani ɗan fure ake tace ta, mai ruwan hoda ko fari, irin wanda ake shukawa a ƙofar ofisoshi don ado, asalinsa daga Madagaska. Masu bincike a Kanada maganin ciwon suga suke nema a ganyen, sai suka ga yana karya fararen ƙwayoyin jinin ɓeraye. Daga nan aka samo vinblastine, ƙanwarta vincristine kuma Amurka ta amince da ita a 1963. Aikinta shi ne ta kama ƙwayar halitta daidai lokacin da za ta rabu biyu, ta hana ta ɗaure zaren da take jan kayanta da shi, sai ƙwayar ta mutu a nan. Tunda ƙwayar sankara ba ta da aiki sai rabuwa, ita ta fi shan kashi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙanƙantar abin. Sai da suka auna tsawonsa da nauyinsa, nas ta yi lissafi a bayan kati, sannan ta zuƙo ɗan ruwan da bai cika cokalin shayi ba, ta tura ta jijiya a hankali tana duban hannun kada ya zuba a fata. Na ce a raina, wannan ɗan mitsitsin? Kafin sati ya zagayo kumburin ya saɓe har ya iya rufe baki ya sha kunu da kansa. Uwarsa fita ta yi baranda ta yi kukanta. Ba zan ɓoye miki ba, ya sha wuya: gashi ya zube, bayan gida ya ɗaure, yana cewa yatsunsa na yi masa kamar tafiyar kiyashi. Bana dai yana aji 5, ƙwallo ce ta hana mu sakat.

Tumfafiya kuwa, to, ba ƙarya bidiyon ya yi ba, akwai guba a nononta irin su calotropin da ke kashe ƙwayoyin sankara a faranti a ɗakin gwaji. Sai dai gubar tana kashe ƙwayar ne ta hanyar toshe wani famfon gishiri da ke jikinta, kuma da irin wannan famfon zuciya take bugawa, kuma babu wanda ya auna miki nawa ke cikin gora. Kowa a Sakkwato ya san tun muna yara ake hana mu kai nononta ido. Mu jarka guda muka saya kafin mu je asibiti, amai da gudawa ya samu, kwana 9 suka tafi a banza kumburin na ƙaruwa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hankali da mutum biyu. Na farko mai mota da lasifika a bakin tasha, wanda yanzu har hoton takardar bincike yake nunawa a waya yana cewa "Turawa ma sun yarda". Ki tambaye shi a kan mutum nawa aka gwada, za ki ga ya koma zancen basir. Na biyun ya fi haɗari, shi ne mai raɓe-raɓe a ƙofar asibiti yana cewa zai samo miki allurar da araha. Vincristine a firji take zama. Wadda ta wuni a aljihu cikin ranar Sakkwato, ko ta gaske ce, ba a saka wa yaro. Ki saya a kantin maganin asibitin ko inda likitan ya nuna miki, ki duba kwanan watan lalacewa da lambar NAFDAC, ki riƙe ƙaramar kula da ƙanƙara in daga waje za ki kawo.

In an ba ku ranar dawowa kada ku tsallake don kun ga kumburi ya sauka, mu wani yaro da ke gadon kusa da mu haka aka yi, bayan wata 2 aka dawo da shi abin ya fi na farko. Allah ya ba ɗanki lafiya, ki gaishe mini da shi.