Kadangare Mai Ɗamara: Wanne Ya Kamata Ka Saya, Wanne Za Ka Bari a Dutsensa?

Duk wanda ya ga hoton ɗan kadangaren nan mai ƙaya da ke cizon wutsiyarsa ya naɗe kamar awarwaro, da wuya bai ji yana sha'awar ya ajiye shi a gida ba. Hoton ya zaga Facebook da TikTok, kuma 'yan uwanmu da ke zaune a Jamus, Ingila ko Amurka suna cin karo da tallarsa. Sai dai sunan da masu talla ke amfani da shi ya rufe dabbobi daban-daban, wani na halal wani na sata, wani mai sauƙin riƙo wani kuwa mutuwa zai yi a hannunka.

Dangin ana kiransu Cordylidae, kuma a Afirka kawai ake samunsu, mafi yawa a kudanci da gabashinta. Ɓawon jikinsu jere yake zobe-zobe kamar an ɗaura musu ɗamara, wutsiya kuma cike da ƙaya. A da kusan duk masu ƙayar ana zuba su cikin jinsi ɗaya, Cordylus. A 2011 masana suka binciki ƙwayoyin halittarsu suka raba su, aka sami sababbin sunaye irin su Ouroborus, Smaug, Karusasaurus da Namazonurus. Wannan ya shafi mai saye kai tsaye, domin har yau wasu dillalai da tsohon suna suke talla, wasu kuma da gangan suke cakuɗawa.

Mu fara da mai cizon wutsiyar, Ouroborus cataphractus. Gidansa busassun duwatsun yammacin Afirka ta Kudu ne. Tsawonsa duka bai cika wuce santimita 20 ba. Ba ya son kaɗaici: a tsagar dutse ɗaya sai ka tarar da gomman su, manya da ƙanana. Gara ce babban abincinsa, ita yake fita nema idan an sami ruwan sama. Tafiyarsa a hankali ce, shi ya sa idan abokin gaba ya rutsa shi a fili sai ya cafki wutsiya ya dunƙule, ya ɓoye cikinsa mai laushi, kamar dai yadda bushiya ke yi. Wannan sanyin jikin ne ya zame masa masifa, domin ɓarawo da ƙarfe ɗaya zai ɓalle dutse ya kwashe iyali guda a jaka. Macen kuma ɗa ɗaya take haifa a shekara, ba ƙwai take yi ba. To ka lissafa: dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya, dokar ƙasarta ta hana kama ta, ta yaya wani zai ce yana da manya goma a hannu? Akwai 'yan tsirarun masu kiwo da ke samun haihuwa a gida, kuɗinsa kuma mai yawa ne. Idan an yi maka tayinsa da araha, ɗayan biyu ne: ko na sata ne, ko ba shi ba ne.

Smaug giganteus shi ne babban dangin, yakan kai santimita 35 ko fiye. Shi ba ɗan dutse ba ne. Rami yake haƙawa a filayen ciyawa na lardin Firi Sitet na Afirka ta Kudu da kewaye, ya zauna a bakin ramin ya ɗaga kai sama kamar mai kallon rana. Idan an biyo shi sai ya shige, ya riƙa kaɗa wutsiyar nan mai ƙaya a ƙofa. Buzuzu da sauran ƙwari yake ci, da hunturu kuma ya lafe cikin rami watanni. Macen tana haihuwar ɗaya ko biyu, kuma ba kowace shekara ba. Haihuwarsa a tsare, wato a hannun masu kiwo, abu ne da kusan ba a gani, ga noma da haƙar ma'adinai suna cinye filinsa. Ra'ayina a kansa gajere ne: kada ka saya, ko da an nuna maka takarda mai hatimi.

Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne Cordylus tropidosternum, ɗan gabashin Afirka, daga Kenya da Tanzaniya har Mozambik da Zimbabuwe. Shi ne ake yawan liƙa wa sunan mai cizon wutsiya a shaguna, alhali ba ya naɗewa. Ka duba da kyau: launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, ƙayarsa gajeru, jikinsa bai kai na wancan faɗi ba. Dajin itatuwa yake zaune, yana ɓuya a ƙarƙashin ɓawon itace da cikin kogo, saboda haka akwatinsa yana buƙatar ɓawo da rassa jingine, da ɗan yayyafin ruwa jefi-jefi, ba yashi tsura ba. Gyare, kyankyaso, ƙananan fara da tsutsa duk yana ci, a riƙa barbaɗa musu garin kalsiyam. Namiji ɗaya da mata biyu suna zama lafiya, maza biyu kuwa sai faɗa. Yana haihuwa a tsare, 'ya'ya biyu zuwa huɗu a ciki ɗaya, shi ya sa ana iya samun haifaffen gida na gaskiya. A da daga Tanzaniya ake fitar da su da yawa, da ƙasar ta dakatar da fitar da namun daji masu rai a 2016 sai suka yi ƙaranci, farashi ya hau.

Abin da zan faɗa maka kada ka ce ba a gaya maka ba: matsoraci ne. Makonnin farko da ka buɗe ƙofa za ka ji ƙaras, ya shige. Idan ka zura hannu sai ya kumbura jiki ya maƙale a tsaga, ja da ƙarfi kuma yana iya katse masa wutsiya. Na kallo ne, ba na wasan yara ba.

Masu son launi sukan karkata ga Platysaurus, masu lafaffen jiki kamar an danne su da faranti. Mazan suna da shuɗi, kore da ja mai ɗaukar ido. Su ƙwai suke yi, yawanci biyu, saɓanin sauran dangin. Na gefen magangarar ruwan Augrabies ta Afirka ta Kudu sun shahara da tsalle suna cafke ƙananan ƙudaje, suna kuma cin 'ya'yan ɓaure. Gudu gare su kamar walƙiya. Wanda ya kuɓuce a falo, sai dai haƙuri.

Akwai kuma ɗan uwa na nesa da ya cancanci a sa shi a ma'auni, Broadleysaurus major, kadangare mai sulke. Dangin Gerrhosauridae ne, maƙwabtan masu ɗamara, kuma yankinsa ya miƙo daga gabashin Afirka ta Sudan har Kamaru da Gana. Yakan haura rabin mita, don haka akwatin da bai kai santimita 120 ba ya yi masa kaɗan. Amma cimarsa ta fi sauƙi, yana haɗa ƙwari da ganye da 'ya'yan itace, kuma yana sabawa da mutum har ya karɓi abinci a hannu. Aibinsa shi ne mafi yawan na kasuwa daga daji aka kamo su, sukan zo da tsutsar ciki.

Ko wanne ka zaɓa, kuɗin dabbar ba shi ne babban kashi ba. Sai da fitilar ɗumi da ke kai wurin shan zafi wajen digiri 35, da gefe mai sanyi da zai koma, da fitilar UVB, mai maye gurbin hasken rana, wadda ake sauyawa lokaci-lokaci ko da tana ci. Rashinta ke lausasa ƙashi, muƙamuƙi ya zama kamar roba. Kuma dabba ce mai tsawon rai, ka ƙaddara shekara goma ko fiye kuna tare.

Ranar saye, ka nemi a ba shi abinci a gabanka. Ka dubi gindin wutsiya, idan ya rame ƙasusuwan ƙugu sun fito, ka wuce. Ka leƙa tsakanin ɓawo da bayan ƙafafu ko akwai jajayen ƙwari ƙanana kamar kaska. Ka tambayi sunan kimiyya, ba sunan talla ba. Masu ƙayar nan duk suna cikin jeri na 2 na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ƙetare iyaka da su sai da izini. Wanda ya ce shi ya kiwata, ya nuna maka hoton uwar da jariran tun suna kamar ɗan yatsa. Mai kiwo na gaskiya wayarsa cike take da irin waɗannan hotuna.