Inshora mai araha ko mai biyan gwaji tun kana lafiya?

Tsarin inshorar lafiya iri biyu ne ke rikita mai saye. Na farko kuɗinsa na wata kaɗan ne, amma ba ya motsawa sai an kwantar da kai a asibiti. Na biyu ya fi tsada, sai dai yana ɗaukar nauyin ganin likita, gwajin jini da alluran rigakafi tun kana kan ƙafafunka.

Mai arahar yana da ranarsa. Matashin da fargabarsa haɗarin mota ne ko tiyatar gaggawa zai iya wadatuwa da shi.

Matsalar ita ce ciwon da ba ya sallama. Hawan jini kan yi shekaru ba wata alama, alhali awonsa bai fi 'yan mintuna ba. Idan ya tsaya a 140/90 ko sama, magani da rage gishiri kan sauko da shi. Amma wanda zai biya awo daga aljihunsa yakan ce sai wani watan. Kafin ya ankara ƙoda ta gaza, ga wankin ƙoda sau 3 a mako, kowane zama kusan awa 4. A nan kamfani zai nuna masa iyakar abin da yake biya a shekara, ko ya ce ciwon ya riga rajista.

Shi ma mai tsadar ba a sa masa hannu ido rufe, don a wasu kamfanonin sai ka nemi izini kafin kowane hoton asibiti. Ga wanda ya haura shekara 40, ko ciwon sukari ke bin danginsa, na biyun zan zaɓa masa, bayan ya karanta jerin abubuwan da ba a biya.