Faifan haske mai fuska biyar: yadda ya yi da fatarmu a ranar Tawa

Faifan nan da masu ɗaukar hoto ke karkatawa gefen mutum don ya mayar masa da haske a fuska, shi na saya kafin sallar layya. Ra'ayina a kansa bai da tsawo: fuska biyu cikin biyar sun biya kuɗinsa, biyu suna da ranarsu, ta zinariyar kuwa, wadda mai shago ya fi kurantawa, ita ce ba ta yi da fatarmu ba.

Hoto ba sana'ata ba ce. Ina da tsohuwar kyamara ta hannu da gilashin 50mm, ina ɗaukar ƴan gida da maƙwabta ranar suna ko salla, ba na karɓar ko dala. Wani ɗan'uwa ne ya sayo mini faifan a Babbar Kasuwa ta Yamai, jika goma sha biyu, ya sako shi a mota zuwa Tawa. Ba sunan kamfani a jikinsa. Faɗinsa santimita 110 in ya buɗe, in an naɗe shi kuma ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, ya shiga ƴar jakarsa. Ainihinsa zoben ƙarfe ne da aka ɗinke da farin yadi shara-shara, sai riga mai zif da ake sa masa, ita ke ɗauke da fari, azurfa, zinariya da baƙi.

Abin da ya sa na neme shi tsohuwar matsala ce. Kyamara ba ta san mutum ba, lissafi take yi: tana ɗauka duk abin da ke gabanta in an gauraya zai ba da ruwan toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. To ka tsayar da dattijo baƙi cikin farar shadda a tsakar gida. Shaddar ta cika mata ido, sai ta rage haske don farin ya koma toka-toka, fuskar kuma ta nutse, ba ka ganin komai sai idanu. In ka ƙara haske don fuska, aikin ɗinkin wuyan riga ya ƙone ya ɓace. Filasha ba ta gyara wannan, ƙara ɓata shi take: goshi da hanci su yi ƙyalli fari, sauran fuska ta yi kamar an barbaɗa mata toka. Fata mai duhu da sheƙinta take nuna siffarta, kuma sheƙin ba ya kyau sai hasken ya fito daga abu mai faɗi da taushi.

Ga kuma launin garinmu. Katangar laka da jar ƙasa suna watsa ja a ko'ina, kyamara ta ga jan ya yi yawa ta janye shi, ta haɗa da na fatar mutum, sai wankan tarwaɗa ya fito a koɗe. Ka gudu inuwar dogon yaro, ganye ya zuba wa kumatu kore.

Shara-sharan nan na tsakiya, wanda ban ma lissafa shi ba lokacin saye, shi ne zakara. Ba mayar da haske yake yi ba, tace shi yake. Ranar salla ba wanda zai jira ka har la'asar sakaliya, da an sauko daga idi ake son hoto, rana tsaka, inuwar gira ta rufe idanu. In aka riƙe shi sama da kan mutum, tsakaninsa da rana, sai ka ga fuskar ta huce nan take. Ramin ido ya cika, zufar goshi ta daina walƙiya, launin ya dawo irin wanda kake gani in kuna zaune a zaure. Yana cin haske kaɗan, amma a Tawa hasken rana ba abin da za a yi rowarsa ba ne. Iyakarsa dai mutum ɗaya, ko biyu in sun matsu, daga kafaɗa zuwa sama.

Fuskar fari ita ce ta kullum. Ina zaunar da mutum a bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa, bayansa ga rana, a riƙe faifan daidai ƙirji a ɗan karkace. Ba ta canja launin kowa, duhun ƙasan haɓa kawai take ɗagawa, ta sa ɗan ɗigon haske a ƙwayar ido. Sai an matso da ita sosai, kamar kamu biyu ko uku daga fuska, in ta yi nisa ba ta komai. Wasu na cewa a yi amfani da ita wajen nuna wa kyamara mene ne fari. Ban ba da wannan shawara ba, don farin yadin yana da ɗan shuɗi-shuɗi, sai hoton ya karkata ya yi ɗorawa. Ni na fi tsayar da ma'aunin launi da hannu a wajen 5500K (K ɗin nan awon ɗumin launin haske ne) in rana ce, in ɗaga shi zuwa 6500K ko 7000K a inuwa, in ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don gyara ya yi sauƙi daga baya.

Azurfa tana da ƙarfi, kuma a ranar watan Afrilu ƙarfin ya zama azaba. Na nuna ta ga innata sau ɗaya, ta kare fuska da mayafi ta ce, "Kai ɗan nan, hoto za ka yi mini ko makanta ni za ka yi?" Amma lokacin hunturu, in hazo ya rufe rana komai ya yi dishi-dishi, ko gab da magariba, ita ke farfaɗo da sheƙin baƙar fata, kuma a nan ba ta da na biyu. Baƙar fuskar faifan na ɗauka ado ce, ashe tana aiki: in haske ya yi wa mutum yawa ta kowane ɓangare fuskarsa ta baje, sai a sa ta gefe guda ta shanye, kunci ya sami inuwa. Na fi yi wa maza masu rawani da ita.

Zinariyar fa? An yi ta ne don fata mai haske ta sami ɗumi, mu kuwa ɗumin muna da shi, ƙasarmu ma ta ƙara mana. Wankan tarwaɗa ya koma ruwan lemo, baƙi ya yi wani ja-ja da ba nasa ba, farar shadda ta yi kamar ta sha hayaƙi gefe guda. Amarya mai lalle da hoda ta fi kowa shan wahalarta. Abin da ke ba ni mamaki, ƴan mata sun fi son ta, don tana sa su "haske". Ɗabi'ar da wayoyi suka koya mana ce, da tacen nan nasu da ke goge fuska har mutum ya rasa kamanninsa.

Wannan karkata ta girme mu. Tun shekarun 1950 Kodak, kamfanin fim ɗin hoto, ya fara raba wa masu wanke hoto kati mai hoton baturiya, wanda ake kira Shirley, da shi ake daidaita launi. Kati mai mata masu launin fata daban-daban bai fito ba sai tsakiyar shekarun 1990, kuma kafin nan masu sayar da cakulan da kayan katako ne suka yi ta ƙorafi cewa fim ba ya bambanta ruwan ƙasa mai duhu da mai haske. Sai a 2021 Google ya fito da Real Tone, tsarin nuna launin fata mai duhu yadda yake, a wayar Pixel 6. Tecno kuwa da daidaita kyamararta ga baƙar fata ta ci kasuwar Afirka. Duk da haka ba manhajar da za ta ƙirƙiro hasken da bai taɓa fuska ba.

Aibinsa na farko iska. Faifai mai faɗin mita da ɗoriya a hannun yaro, a iskar yankinmu na Adar, sai dai ka yi ta "riƙe da kyau", hasken na rawa a fuskar mutum. Kuma ba ya aiki sai da mai riƙewa. Ƴar yayata ce ke taya ni, ta ma fi ni gane inda hasken ya sauka yanzu, amma ranar da take makaranta faifan a rataye yake wuni. Zif ɗin rigar ya fara cijewa da wuri saboda ƙura, sai na goga masa kyandir. Shara-sharan yana shan datti, in ya yi ja kuma jan zai zuba wa fuska, don haka a riƙa goge shi da ɗanyen tsumma. Naɗe shi ma sai an koya: a kama gefe biyu, a murɗa hannu ɗaya gaba ɗaya baya, ya zama zobe uku. A buɗe shi nesa da fuskar yara, don da ƙarfi yake fallewa.

Mai ɗauka da waya ma zai amfana, wataƙila fiye da mai kyamara, in dai ya kashe tacen gyaran fuska, ya taɓa fuskar a allo kafin ya danna. Wanda jika goma sha biyu ta yi wa nauyi, farin kwali babba zai yi masa aikin fuskar fari, farin mayafi marar kauri da mutum biyu suka miƙe kuma zai tace rana. Da zan sake saye, na santimita 80 zan ɗauka: ya isa fuska da kafaɗa, iska ba ta fizgarsa sosai, kuma ina iya riƙe shi da hagu kyamara na dama.