SuperLeague+: Abin da Yake Ba Mai Bin Ƙungiya Ɗaya, da Abin da Yake Hana Shi

A farkon 2024 ne aka buɗe SuperLeague+, wato hanyar kallon gasar Super League ta intanet. Super League ita ce babbar gasar zari-ruga ta 'yan wasa 13 a Turai, wadda yawancin ƙungiyoyinta ke arewacin Ingila, sai Catalans Dragons da ke Perpignan a Faransa. Kafin 2024, wasa biyu ko uku kawai ake haskawa a mako, sauran kuwa sai wanda ya je fili. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Sky Sports daga 2024 zuwa ƙarshen 2026 ta sa kowane wasa yana da kyamara, yana kuma da alƙalin bidiyo. A kan wannan aka gina SuperLeague+. Ana kallo a shafin intanet ko a manhaja, kuma lokacin da aka buɗe, kuɗin shekara fam 129.99 ne, na wata kuma fam 19.99. Lissafin ba shi da wuya: kaka tana farawa a Fabrairu ta ƙare a Oktoba, wata bakwai na biyan wata-wata ya riga ya zarce kuɗin shekara. Wanda zai bi kaka daga farko har ƙarshe, ya biya na shekara kawai.

Sai dai kafin mutum ya zaro katinsa, ya fara tambayar kansa a ina yake zaune, kuma wace ƙungiya yake bi, domin amsar ita ce ke nuna ko kuɗin zai yi amfani. A cikin Birtaniya, Sky tana keɓe wa kanta wasa biyu a kowane zagaye, haɗe da wasan ƙarshe na kaka. Waɗannan ba sa zuwa SuperLeague+ kai tsaye, sai daga baya. Abin da ya rage na kai tsaye a 2024 wasa 106 ne. Adadin ba laifi, amma Sky ba ta zaɓar wasan da babu mai so. Wigan Warriors da St Helens ranar Juma'ar Ista, Hull FC da Hull KR, duk wani karo tsakanin na saman teburi, irin waɗannan take ɗauka. Saboda haka mai bin Wigan ko Leeds Rhinos ko St Helens zai tarar cewa wasannin da ya fi ɗoki su ne aka janye masa, alhali mai bin Huddersfield Giants ko Castleford Tigers zai ga yawancin wasannin ƙungiyarsa kai tsaye a kan kuɗi iri ɗaya. Wannan ita ce babbar illar abin, kuma ba gyaruwa za ta yi da sabunta manhaja ba, daga yarjejeniyar take. Na wajen Birtaniya sun fi morewa, don takunkumin Sky bai shafe su ba, illa ƙasashen da wata tashar ta riga ta sayi haƙƙin nunawa. Kowa ya duba jerin wasannin da aka buɗe wa ƙasarsa tukuna. Haka kuma Challenge Cup gasa ce daban mai yarjejeniyarta daban, BBC ce ke nuna wasanta na ƙarshe daga Wembley, kada a ɗauka kuɗin nan ya haɗa da ita. Gasar NRL ta Ostireliya ma ba ta ciki.

Inda SuperLeague+ ya fi ƙarfi shi ne sake kallo. Duk wata gardamar magoya baya a kan sabon ɗan wasa, ko ya ci kuɗinsa ko bai ci ba, ana iya yanke ta idan mutum ya zauna ya maimaita wasa yana tsayarwa. Gardamar kuwa tana da dalili. Iyakar albashin da aka yarda kowace ƙungiya ta kashe fam miliyan 2.1 ne, ban da rangwamen da ake yi a kan 'yan fitattun 'yan wasa, kuma har zuwa 2025 gurbin waɗanda suka taso a ƙetare bakwai ne kacal, sai 2026 aka ɗaga zuwa goma. Ɗauko mutum ɗaya daga Ostireliya wanda bai yi abin kirki ba yana nufin gurbi ya tafi, kuɗi ya tafi, ga wani yaro na makarantar ƙungiyar da aka hana dama.

A ɗauki ƙaton gaba, masu tsayawa a gurbi na 8 da na 10. Gajeren bidiyon da ake yaɗawa bayan wasa ba ya nuna aikinsu ko kaɗan, tun da ba su cika dangwala ƙwallo a bayan layin abokan karawa don cin maki ba. A cikakken wasa kuwa, ga abin da ake dubawa. Farko, minti nawa yake yi kafin a cire shi. Yawanci zangon farko tsakanin minti 20 da 25 ne, kuma tun da canji takwas kawai ke hannun koci a duk wasan, ƙaton da ya gaji a minti 15 ya ci wa ƙungiya canji ɗaya da ba a shirya ba. Sai a dubi yadda yake faɗuwa idan an kayar da shi. Wanda ya faɗi a kan cikinsa, fuskarsa na kallon gaba, zai miƙe ya tura ƙwallo baya da ƙafa cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka, masu tsaro ba su gama komawa mita goman da doka ta wajabta musu ba. Wanda aka birkice shi rigingine, mutum uku suka danne shi, zai ci daƙiƙa huɗu ko biyar, kafin nan layin tsaro ya daidaita, kaye na gaba ya mutu tun kafin a fara shi. A tsayar da hoton daidai lokacin da ƙwallo ta bar ƙafarsa, a ƙirga masu tsaro nawa ne har yanzu ke ja da baya. Idan aka yi haka a ɗauka goma, an san ko wane irin mutum aka sayo.

Hull KR ta 2025 misali ce mai kyau ga wanda ke son gwada wannan. Kocinta Willie Peters ya kawo Jared Waerea-Hargreaves daga Sydney Roosters yana da shekara 36, ya kawo Michael McIlorum daga Catalans yana da 37, ga Rhyse Martin daga Leeds da Tom Davies shi ma daga Catalans. A takarda, sayen tsofaffi ne. A fili kuwa, ƙungiyar da Wigan ta doke 9 da 2 a wasan ƙarshe na Super League a filin Old Trafford a 2024 ta dawo ta ɗauki Challenge Cup a kan Warrington Wolves da ci 8 da 6, ta ƙare a saman teburi, sannan ta rama a kan Wigan 24 da 6 a wasan ƙarshe. A kalli wannan wasan na ƙarshe ana lura da gurbi na 9, wato mai ɗaukar ƙwallo daga bayan wanda aka kayar ya rarraba ta: McIlorum ne ya fara, ya sha zafin mintunan farko, Jez Litten ya shigo daga benci da gudunsa lokacin da ƙattin Wigan suka fara nauyi. Mikey Lewis na Hull KR ne ya kwashe yabo, kuma ya cancanta, amma filin da yake samu ana share masa shi ne tun daga tsakiya. Wani abu da kan ruɗar da sabon mai kallo: lambar da ke bayan riga ta kaka ce gaba ɗaya, ba ta gurbin ranar ba, don haka mai lamba 20 da wani abu yana iya zama shi ne ke riƙe da gurbi na 7, na mai tsara hari. A duba jerin 'yan wasa da ake nunawa kafin a take ƙwallo.

Ga mai nazarin dabara, abin da ya kamata ya riƙa rubutawa shi ne inda kowane jerin kaye shida ya ƙare, wato damar da ƙungiya ke da ita kafin ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ƙungiyar da ke bugun kaye na ƙarshe daga cikin mita 40 nata tana shan wahala ko da allo na nuna kunnen doki. Wadda ke buga ƙwallo sama ta sauka mita biyu ko uku gaban layin abokan karawa, masu binta suka tsare mai lamba 1, wato mai gadin baya, a lungu, ita ke riƙe da wasan. A lura kuma da sau nawa alƙali ya kaɗa hannu ya sabunta kaye shida saboda an daɗe a kan wanda aka kayar, dokar da ta shigo gasar a 2020. Biyu a jere a kusa da layi sun isa su sa ƙungiya ta kare kaye goma sha wani abu ba hutu, kuma sau da yawa dangwalen da aka ɗora wa ɗan gefe laifinsa, daga nan ya samo asali. Wasan Wigan da Leigh Leopards na buɗe kakar 2025, wanda aka tashi babu ci a minti 80 har sai da Gareth O'Brien na Leigh ya buga ƙwallo ta maki ɗaya a ƙarin lokaci, darasi ne sukutum a kan bugu da tsaro ga mai haƙurin kallonsa sau biyu.

A nan ne kuma gazawar hoton ke fitowa. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi. Mai lamba 1 na masu tsaro, wanda shi ne ke tsaye a baya yana ƙirga mutane yana tura su hagu ko dama, galibi ba ya cikin hoto. Idan ƙwallo na tsakiyar fili, layin tsaro kan rabu biyar da biyar bayan masu tsayawa biyu a gaban wanda aka kayar. Idan ta koma gefe, rabon ya sauya zuwa huɗu da shida ko uku da bakwai. Kuskuren ƙirga ɗaya shi ke haifar da rarar mutum a gefe, amma mai kallo a gida sakamakon kawai yake gani. Hoton da ake bayarwa na tashar ne, wanda mai haɗa shiri ya zaɓa. Dabarar da ta rage ita ce a jira maimaicin da ake nunawa daga bayan turaku bayan an dangwala, ko lokacin da aka miƙa hukunci ga alƙalin bidiyo, ko kyaftin ya ƙalubalanci hukunci, abin da aka fara a 2025. A nan ake samun faffaɗan hoto na daƙiƙa kaɗan. A tsayar, a ƙirga. Wanda yake so ya ga tsarin tsaro na minti 80 cur, kujera a bayan turaku a fili ta fi kowane allo.

Batun jadawali kuwa, SuperLeague+ yana da hannu a ciwon, yana kuma rage shi. Tun da kowane wasa sai an haska, an baza zagaye daga daren Alhamis zuwa yammacin Lahadi, wasannin dare galibi ƙarfe 8. Ƙungiyar da ta buga Lahadi aka sake sa ta Alhamis ba ta da lokacin atisaye mai nauyi, kuma duk wanda ya faɗi gwajin buguwar kai sai ya yi fiye da kwana goma a waje, wato zai iya rasa wasa biyu. Kafin a zagi koci don ya huta da mutum uku, a dubi tazarar kwanakin. Ga kuma tsarin ƙungiya 12 da zagaye 27 da aka bi har zuwa 2025: gida da waje sun ba da 22, Magic Weekend ɗaya, wato zagayen da ake buga duk wasannin a fili guda, sauran huɗun maimaici ne da wasu ƙungiyoyi, abin da ya sa wani ya haɗu da manya sau uku wani kuwa sau biyu, teburi kuma ɗaya ne. Faɗaɗa gasar zuwa 14 a 2026, da shigowar Bradford Bulls da Toulouse Olympique da York Knights bayan fitar Salford Red Devils, ya kawar da wannan maimaici, tun da gida da waje kaɗai sun kai 26. Ga mai goyon bayan da ba zai iya tashi daga aiki ya kama babbar hanyar M62 ta arewacin Ingila daren Alhamis ba, balle ya bi ƙungiya Perpignan ko Las Vegas, inda Wigan ta doke Warrington 48 da 24 a Maris na 2025, samun wasan a allo sauƙi ne na gaske. Amma kowane mutum da ya zauna a gida kujera ce ɗaya da ta zama fanko, kuma ƙananan ƙungiyoyi da kuɗin ƙofa suke rayuwa.

Ta fuskar na'ura, abin da ake bukata kaɗan ne, sai dai a kiyaye abu biyu. Hoto mai kyau na cin wajen megabit biyar a daƙiƙa, kusan gigabait biyu da kwata ke nan a awa, kuma shirin wasa ɗaya da hutun rabin lokaci da tsaikon alƙalin bidiyo yana kai awa biyu. A ware gigabait huɗu zuwa biyar. Idan layin ya yi rauni, hoton kan sauka da kansa, kuma a wannan wasa abin da ke fara ɓacewa shi ne lambar riga da hannun mai miƙa ƙwallo, wato ainihin abin da mai nazari ke nema. Waya ta haɗi kai tsaye daga na'urar intanet zuwa talabijin ko kwamfuta ta fi dogaro da iska a gidan da mutane da yawa ke kan layi. Na biyu, kallo ta intanet kullum yana bayan abin da ke faruwa a fili da wasu daƙiƙoƙi, wani lokaci har rabin minti. Wanda bai kashe sanarwar manhajar sakamako da ta ƙungiyarsa ba zai ji wayarsa ta yi ƙara tun ana kaye na uku. Ga wasannin Sky da ake jira sai daga baya, abin ya fi haka wuya, domin sai mutum ya ƙaurace wa duk kafafen sada zumunta har wasan ya hau. Wanda kuma ya zaɓi biyan wata-wata don ya kalli wani yanki na kaka kawai, ya shiga asusunsa ya duba ko biyan na sabunta kansa, ya tsayar da shi kafin ranar, don daga tsakiyar Oktoba zuwa Fabrairu babu wasan gasar ko ɗaya.