Wasiƙa daga Manchesta kan maganin ekzosom

Yaya, ina gaisuwa, ya gida ya yara, ya kuma zafin Sakkwato? Kin tambaye ni labarin ekzosom ɗin nan da kika ce masu gyaran jiki na tallata shi a Instagram, wai yana tsirar da gashi, yana mayar da tsohuwa yarinya. Ga abin da na gani a nan Ingila.

Shi dai ekzosom wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi ne da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa, ɗauke da saƙo zuwa ga 'yan uwansu. Ido ba ya ganinsu, ko madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ba ya kama su. Masana na fatan idan aka tara su aka sa wa fata, za su zaburar da ita ta gyara kanta. Fata ne mai kyau, amma har yanzu bincike ake yi.

A nan shagunan gyaran fata sun cika da shi. Sai a bi fuskar mace ko fatar kanta da wata na'ura mai ƙananan allurai, sannan a shafa ruwan a kai. Zama ɗaya ɗaruruwan fam, kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Asibitin gwamnati ba ya biyan ko sisi, don kwalliya ce. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne, dokar kayan kwalliya a nan da Tarayyar Turai ta haramta sa wani abu da aka ciro daga jikin ɗan Adam. Shi ya sa wanda ake sayarwa bisa ƙa'ida daga tsirrai ko kifi ake samo shi, da yawansa daga Koriya ta Kudu. A Amurka kuwa hukumar FDA mai kula da ingancin abinci da magunguna ta yi gargaɗi tun Disambar 2019, bayan wasu mutane a jihar Nebraska sun kwanta ciwo mai tsanani sakamakon amfani da irinsa, ta ce babu wani maganin ekzosom da ta amince da shi.

To Yaya, idan a ƙasar da ake sa ido haka abin bai tsaya da ƙafarsa ba, ina ga kwalbar da ta biyo jakar 'yar kasuwa, ta sauka garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga wuta ba tabbas? Da yawan irin waɗannan kaya sanyi suke so. Kuma wa ya san abin da ke cikin kwalbar? Don Allah kada ki bari kowa ya soka miki shi da allura.

Abin da ya fi burge ni a nan ba sabon maganin ba ne. Idan mace ta je wurin likita gashinta na zuba, ba ya saurin rubuta komai. Sai ya duba fatar kan, ya tambayi haihuwa da jego, ya sa a auna jini, don ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da matsalar tayirod, wato wata halitta da ke gaban wuya mai fitar da sinadaran da ke daidaita aikin jiki, duk suna zubar da gashi. Na bayan haihuwa galibi da kansa yake dawowa. Na yara sau da yawa makero ne, kuma yana da magani. Namu na gaban goshi kuwa, ke ma kin sani, kitso ne mai ɗaurin tsiya da man miƙar da gashi. Idan aka sassauta da wuri gashin na dawowa, idan wurin ya riga ya yi tabo sai haƙuri. Wannan awon jinin da duba fatar kan ba sai an zo Turai ba, ki nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Maganin zubar gashi da aka daɗe da gwadawa shi ne minozidil na shafawa, wanda Amurka ta amince da shi tun 1988. A nan kantin magani ake sayensa ba tare da takardar likita ba. Sai an yi watanni kafin a ga canji, da an daina kuma gashin ya koma zuba, sannan mai ciki da mai shayarwa su nisance shi. Sanƙon maigidanki kuwa akwai ƙwayar finasterid ta maza, amma sai likita ya rubuta.

Wajen kayan gyara na asali, wallahi kun fi mu. Man kaɗanya da muke saye da arha a kasuwa, nan a 'yar kwalba ake zuba shi da tsadar gaske. Kitso sai kin kama layi tun da kwanaki, kuɗinsa ya isa cefanen mako. Dilka da halawa kuwa sai kin sha nema kafin ki samu mai yi. Idan za ki kashe kuɗi a kan fatarki, ki fara da barin mayukan bilicin masu sinadaran haidurokwinon da siteroyid, ki riƙa duba lambar NAFDAC a jikin duk abin da za ki shafa. Kuma idan Hajiya za ta taso watan gobe, ki haɗo mini man kaɗanya da garin lalle.