Maɗaba'ar da ta buga mana tarihin cocin garinmu a Shomolu

Kusan shekara biyu ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Legas ta yi tana tattara tarihin cocinmu na Katolika, wanda ke wani ƙaramin gari a ƙasar Shendam ta jihar Filato, kuma da tattarawar ta kammala ni aka ɗora wa nauyin nemo maɗaba'ar da za ta mayar da aikin littafi. Duk wanda ya jima a Legas ya san cewa in ana maganar ɗab'i to Shomolu ake nufa, inda tun kana shiga unguwar ta wajen Onipanu za ka fara jin rurin injina da warin tawada, ga 'yan dako suna tura tulin takarda a baro daga wannan shago zuwa wancan. Ba zan ambaci sunan maɗaba'ar ba, domin akwai inda ta gaza, kuma niyyata ita ce in faɗakar da sauran ƙungiyoyin coci masu irin wannan buri.

Abin da muka kai musu ba ƙaramin kaya ba ne a wurinmu. Akwai littattafan rubutu na wani tsohon katikis ɗinmu, wato mai koyar da addini a coci, wanda ya rubuta sunan kowane Fada (limamin Katolika) da ya zauna a garin ko ya riƙa zuwa daga Shendam, akwai hotunan shafukan rijistar baftisma, akwai hirarrakin da matasanmu suka yi da dattawa da iyayenmu na Zumuntar Mata, sannan da tsofaffin hotuna da iyalai suka ba mu aro bisa alkawarin za a dawo musu da su lafiya. Rubutun duk da Hausa aka yi shi, domin ita ce harshen da ake wa'azi da waƙa da shi a cocin, kuma ita ce ta haɗa Goemai da sauran ƙabilun da ke zaune a garin.

Babin farko ya fara ne daga ranar 12 ga Fabrairun 1907, ranar da Fada uku na ƙungiyar 'yan mishan zuwa Afirka da ake kira SMA, wato Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin, suka iso Shendam bayan sun biyo kogin Binuwai, suka kafa mishan ɗin Katolika na farko a arewacin kogunan Neja da Binuwai. Ƙungiyar tasu an kafa ta ne a birnin Lyon na Faransa a 1856, kuma ita ce dai ta dasa cocin Katolika a nan Legas tun shekarun 1860, abin da ya sa muke jin cewa buga littafin a wannan birni bai fita daga zaren labarin ba. Daga Shendam da garin Demshin da ke kusa da ita aikin ya bazu zuwa ƙauyuka irin namu, inda aka fara da rumfar ciyawa da katikis guda, Fada yana zuwa jefi-jefi don yin baftisma da ɗaurin aure, har lokacin da garin ya samu nasa Fada mazauni. Sauran babukan sun bi sawun Fada 'yan ƙasar Ailan da suka gaji aikin, da sauyin da ya biyo bayan babban taron Vatican na biyu na 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a maimakon Latin, da zamanin Bishop Gabriel Ganaka wanda ya karɓi jagorancin dayosis ɗin Jos, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin bishop guda, a 1974, har zuwa 2007 da Shendam ta zama dayosis mai zaman kanta, shekara ɗari cif bayan isowar mutum ukun nan.

Zan fara da abin yabo, kuma yana da yawa. Aikin da suka yi a kan hotuna ya wuce abin da na yi zato. Akwai wani hoto da ya fi kowane daraja a wurinmu, na ranar da aka sa wa ginin cocin albarka, wanda gara ta ci gefensa kuma ruwa ya bar masa tabo daidai kan layin mutanen da ke zaune a gaba. Na zauna kusa da matashin da ke aikin kwamfuta na fiye da awa biyu ina kallo yana faɗaɗa hoton, yana goge tabon ɗigo bayan ɗigo, kuma da ya isa wurin da fuskar wani dattijo ta shafe gaba ɗaya sai ya tsaya ya tambaye ni ko ya cike ta da ƙiyasi ko ya bar ta yadda take. Na ce ya bari, shi ma ya ce haka ya fi so, domin fuskar da aka ƙirƙira ba ta mutumin ba ce. Wannan tambaya kaɗai ta sa na amince da shi. An kuma dawo mana da kowane hoto a cikin ambulan ɗinsa, babu wanda ya ɓace ko ya ƙara lalacewa.

Inda matsala ta taso shi ne haruffan Hausa masu ƙugiya. Tun ranar da na biya kafin alƙalami na gaya wa mai gidan cewa rubutun yana ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, ya ce in kwantar da hankalina, sun saba buga Yarbanci mai ɗige-ɗige. Da kwafin gwaji ya fito sai na tarar salon harafin da suka zaɓa ba ya ɗauke da waɗannan haruffa, kwamfuta ta mayar da su ƙananan akwatuna, shi kuwa mai tsara shafuka, don ya kawar da akwatunan, sai ya maye gurbinsu duka da k da d da b. Wanda ba ya jin Hausa zai ga kamar ba a yi komai ba. Amma a shafi na farko akwai jimlar da ke cewa Fada sun yi tafiya da ƙafa don su kafa mishan, sai kalmomin biyu suka koma abu ɗaya. Inda aka ce sarki ya karɓe su a matsayin baƙi, sai ya koma baki, inda kuma wata tsohuwa ta ce ba ta faɗin ƙarya, kalmar ta koma wadda ba za a so a jingina wa uwar kowa ba. Littafin da za a karanta a gaban dattawan da suka ba da labarin da bakinsu ba zai fita a haka ba.

Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba, domin manhajar gyaran rubutu ta Turanci ta taɓa sunayen mutane ba tare da kowa ya lura ba. Sunayen Fada na Faransa da na Ailan ta sauya wasu haruffansu, sunayen katikis na Goemai kuwa su suka fi shan wahala. Wannan ya fi ci mini rai, saboda jerin sunayen katikis shi ne zuciyar littafin. Sunayen Fada suna nan a takardun dayosis da na ƙungiyoyinsu, ko mun yi kuskure akwai inda za a duba a gyara. Katikis kuwa, waɗanda suka riƙe ikilisiya makonni da watanni babu Fada, suka koyar da yara karatu, suka jagoranci addu'ar Lahadi, suka binne matattu, da yawansu ba a taɓa buga sunansu a ko'ina ba, kuma wannan littafi ne zai zama madogarar jikokinsu.

Dole in yi adalci game da yadda mai gidan ya karɓi ƙorafin. Da farko ya so ya nuna cewa abin ƙarami ne, ganin an riga an fitar da faletin wasu shafuka, wato farantan da inji ke bugu da su, kuma sake su asara ce a gare shi. Allah ya taimake ni da wani dattijo Bakano mai yankan takarda a shagon, Musulmi, wanda ya karɓi shafin ya karanta a fili, ya dubi mai gidan ya ce masa da Yarbanci wannan ba Hausa ba ce. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kada ka yarda a buga shi haka, amanar mutane ce a hannunka." Daga nan mai gidan ya sauko, ya amince a sake faletin, muka raba kuɗin sakewar biyu duk da cewa laifin nasu ne, aka nemo salon harafin da ke ɗauke da ƙugiyoyin. Kwana huɗu na yi ina tasowa daga Agege da sassafe, ni da sakataren ƙungiyarmu, ɗaya yana karanta littafin Baba Katikis da ƙarfi, ɗaya yana bin kwamfuta da yatsa, har muka kai shafin ƙarshe.

Takardar da suka ba mu shawarar ɗauka mai kauri ce, rubutun bayan shafi ba ya lekowa, kuma sun dage a kan a ɗinke littafin da zare kafin a manna bango, maimakon a dogara da gam kaɗai, saboda zafin ƙasar Shendam yana busar da gam har shafuka su fara zubewa. Na buɗe kwafi guda na danne shi a kan tebur sau da yawa, bai saki ba. Bangon dai launinsa ya fi wanda muka amince da shi duhu kaɗan, har gicciyen da ke saman ginin bai fito sarai ba.

Ta fuskar lokaci sun saɓa alkawari da mako biyu, wani ɓangare saboda sake aikin, wani kuma saboda ɗauke wuta da lalacewar janareta. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne ba su taɓa kirana sun sanar da ni jinkirin ba, sai in na kira ko na je da kaina. Kuɗinsu bai fi na maƙwabtansu biyu da na tambaya ba, kuma ba su ƙara ko kwabo a kan abin da muka rubuta ba, ban da rabin kuɗin faletin. Sun naɗe kwalayen da leda mai kauri, suka kuma haɗa ni da yaron shagon ya raka ni tasha har aka loda su a motar Jos, kuma an kira ni daga gidan Fada aka ce sun isa babu wanda ya jiƙe.

Zan iya tura wata ƙungiya wurinsu, musamman mai tsofaffin hotuna, amma bisa sharaɗi uku da ni ma zan gindaya in za mu sake bugu. Kafin a biya ko sisi a sa su buga shafi guda mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana, a gani da ido. A sa su kashe manhajar gyaran rubutu kafin su buɗe aikin. Sannan kada a sa hannu a kan kwafin gwaji sai mutum biyu masu jin Hausa sun karanta shi daga bango zuwa bango, suna gwada kowane suna da asalin rubutun hannu. Duk da haka, da littafin ya isa gida, wata jikar ɗaya daga cikin katikis na farko ta aiko da saƙo cewa mun bar sunan kakarta, wadda ta fara tara mata don koyon waƙoƙin coci, kuma wannan kuskuren namu ne, ba na maɗaba'a ba. Mun riga mun rubuta sunan a gefen kwafin da muka ajiye domin bugu na biyu.